Ɗumin Wayar Baba

Idan ruwan kogi ya ja da baya a Haɗeja, sauro ke gaje fadama. Shi ya sa da an idar da magariba Iya, kakata ta wajen uba, takan hura wuta a tsakar gida ta ɗora mata ɗanyen ganye, mu zauna cikin hayaƙi muna hawaye muna jiran tatsuniya. Ni ce mai katse ta, har ta raɗa mini Uwar Tambaya.

Babana ma'aikacin gidan waya ne, kuma shi ne ɗan farin Iya. Bafulatana ce ta ainihi, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta yi masa gyara. Ƙaninsa kuwa, Baffa Garba, ya tafi Makka a ƙasa tun ban zo duniya ba, ya maƙale a Sudan, wasiƙa ta yanke. Duk sallah sai Iya ta shanya rigarsa ta mayar cikin adaka.

A zaure Baba ya haɗa rediyo irin wadda ake magana da ita. Akwai wani mai irinta a Sudan, Baba yana jin muryarsa, shi ba ya jin Baba, ga shi ta bakinsa ake so a yi cigiyar Baffa. Sai Baba ya haɗa na'urar ƙara ƙarfin murya mai manyan kwalabe biyu. Kowace da zaren ƙarfe a cikinta, wanda sai ya yi zafi sosai take aiki. Taransifomar da ke ba zaren wuta ta cika gurnani, don haka ya kai ta ɗakin ajiya wajen janareto, ya jawo siririyar waya ta ratsa tsakar gida. In ya auna a bakin taransifoma, wuta cif. A kwalabe kuwa sai wani ja mara kuzari, kamar garwashin da ya kwana. Sati uku yana zargin kwalaben, ko tuwo ba ya ci sosai.

Ran nan yana zaune a ƙofar zaure ya yi tagumi, Iya ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ta iso, mai kunne ya matso."

Wai wani mai lambu ne ya kafa jigo a bakin kogi, amma ya shuka albasarsa can nesa, ya haƙa wata 'yar magudana siririya. Kullum yana ɗiba yana zubawa har kafaɗarsa ta kumbura, albasa tana bushewa. Ya zagi iri, ya zargi maƙwabta. Har ya yi kwanton ɓauna da sanda, bai kama kowa ba.

Na ce, "To Iya, wa ke sace ruwan?"

"Uwar Tambaya, bari mana in kai. Sai wani kwaɗo ya leƙo ya ce, bawan Allah, kana auna ruwa a bakin guga, ka taɓa bin hanyar kana taɓa ƙasa? Mai lambu ya bi yana taɓawa, ko'ina danshi. Ashe hanyar ce ke shanyewa. Ya faɗaɗa ta, ya matso da albasarsa kusa da jigo. Ƙurunƙus, ku tashi ku ba ni wuri."

Muka yi ta mita, wai tatsuniyar yau ba kura ba dodo. Baba kuwa ya miƙe, ya tsuguna a tsakar gida ya damƙi wayar nan, ya daɗe bai saki ba. Washegari ya dawo da taransifoma zaure da gurnaninta, ya haɗa ta da kwalabe da gajeriyar wayar tagulla mai kaurin yatsana. Kwalabe suka haska tar. A ranar mutumin Sudan ya ji muryar Baba, ya shiga cigiyar Baffa.

Bayan wata biyu, ranar wata Juma'a da la'asar, mutumin Sudan ya zo da Baffa gaban rediyonsa. Muryar ta fito cikin shuuu, tana cewa, "Iya? Iya, ni ne." Matar da ba ta rasa magana ta riƙe makirufo da hannu biyu, da ƙyar ta ce, "Garba, kana cin abinci kuwa?" Na yi kuka, ban ma san mutumin ba.

Sai da na shiga kwalejin horon malamai na gane lissafin. Irin wannan zare wuta mai yawa yake ja, doguwar waya siririya kuwa sai ta ci rabonta ta mayar da shi zafi kafin a isa. Abin ya tsaya mini a rai, da na zo hutu na tambayi Iya inda ta koyi wannan.

Ta ce, "Ni me na sani da wutarku? Babu takalmi nake yawo. Kullum in na taka wayar nan sai in ji ɗumi, na ce abin da aka aika zaure a hanya yake zubewa."

"To me ya hana ki faɗa masa tun farko?"

Ta harare ni. "Ɗan farin nawa? Sati uku na yi ina neman bakin da zan ara, sai na samu na kwaɗo."