Rawanin da Na Bari a Kalgo

Wata damina a shekarun 1950, ruwa ya rushe gidaje a Kalgo, inda yayata take aure. Na ɗora wa jakuna gero da tabarmi daga Gwandu, ina ganin ban manta komai ba. Ko duban kayan ba ta yi ba.

Ta ce, "Malam, ka taho da farin ƙyalle?"

A ranar aka tono 'yarta daga ƙarƙashin bango, alawayyon likkafani kuma ya ƙare a garin. Na kwance rawanina aka yi wa yarinyar likkafani.

Daga baya girgizar ƙasa ta riske ni a wata ƙasar Larabawa. Motocin agaji suna sauke fulawa da barguna, ni kuwa ina binsu ina tambaya da Larabci ko an kawo farin ƙyalle.