Ɗangarafar Inna Zahara'u

Shekara talatin da ɗoriya Inna Zahara'u ta Kiyako tana dama kunun zaƙi, sukari bai taɓa leƙa tukunyarta ba. Sirrinta ɗangarafa, wani ɗan itacen daji mai son fitowa a gindin suri. Takan yanko rassan ta daka ta tace, ta jira kunu ya huce har yatsa ya iya zama a ciki, sannan ta zuba. Kafin safiya ya saki jiki, ya yi zaƙi da kansa. Kakarta ce ta koya mata, har da ƙa'ida: a yanki reshe, a bar saiwa.

Gonakin riɗi suka yi ta cin daji, har ya rage mata gindi bakwai kacal a bakin wani kwari. Da su take ci, da su take taƙama.

Sai Allah Ya haɗa ta da Salihu ɗan acaba, mai kai mata jarkoki kasuwar Gwaram, wanda bakinsa ya fi babur ɗinsa gudu. Ran nan ya sha kofi biyu, ya miƙe tsakar kasuwa ya rantse kunun Inna ya raba shi da basir.

"Kai Salihu, ji tsoron Allah! Kunu nake sayarwa, ban buɗe asibiti ba."

"Wallahi Inna, yau har Birnin Kudu na je ban karkata a kan sirdi ba. Me kike sa wa?"

Yabo ya fi zuma shiga rai. Inna ta yi murmushi, ta faɗi sunan itacen, ta ƙara da kwatancen kwarin.

Kafin kasuwa ta tashi Salihu ya kai labarin kunnen masu maganin gargajiya. A wajensu kuwa ƙarfin itace a saiwa yake, reshe na awaki ne. Kwana huɗu aka yi, suka dira da diga da buhuna. Da Inna ta je da laujenta, ramuka bakwai ta tarar, gara na ta gyaran gida.

Ta yi yawo har Kangire, ƙafa ta kumbura, ba ta ga ko tsiro ba. Mijinta Malam Hambali ya ce, "Ke Zahara'u, duniya duk sukari take sha, ke ce waliyyiya?"

Ta runtse ido ta zuba sukarin, ta tafi kasuwa kamar mai zuwa gaban alƙali. Ta shirya amsar duk wanda zai yatsina fuska.

Ba wanda ya yatsina. Wani dattijo da ya shekara ashirin yana shan kununta ya lashe baki ya ce, "Inna, yau kam kin gyara hannu."

Ta amsa da "Madalla." Da ta dawo gida ta wanke tukunyar, ta kife ta a bayan rumbu. Kaji ne ke hawa kanta yanzu.