Na Karɓi Haihuwar Matar Yayana Ina Ɗaliba

Lokacin da abin nan ya faru ina koyon aikin ungozoma a Gwagwalada, ko nisa ban yi ba. Haihuwa kam na sha gani, amma kullum ta bayan malamarmu nake leƙe, aikina miƙa almakashi. A gida Yangoji kuwa tuni an naɗa ni Nas. In na zo hutu, da gangan nake shanya fararen kayana a igiyar tsakar gida don a gani. Kaina ya kumbura, wallahi ba zan ɓoye muku ba.

Ranar da naƙuda ta kama matar yayana, cikinta na fari ne, shi yana Utako wurin lodin mota. Da hantsi ta ja ni ɗaki tana cije leɓe don kunyar surukarta, ta tambaye ni ko mu tafi asibiti, domin a wurin awo an ce jininta ya yi ƙasa, kada ta haihu a gida. Innarmu ta jiyo, ta ce ina amfanin karatuna in da nas a gida amma a kwashi yarinya a kai wa baƙi. Matan maƙwabta suka ɗauka, ana ta zuga ni. Na san amsar gaskiya sarai. Amma na dubi fuskokinsu, na ce ba komai, zan iya.

Bayan azahar ta haifo mace lafiya lau, aka rangaɗa guɗa. Sai mabiyiya ta ƙi faɗowa. Na jira, na shafa mara, shiru. Jini kuwa ya ɓalle, zani na farko ya jiƙe sharkaf, na biyu ma haka. Wata tsohuwa ta kawo kwalba ta ce ta hura, wata ta ce in ja cibiyar kawai, ai ni ce gwana. Na riƙe cibiyar nan, ina tuna yadda malamarmu take tsawatar mana kada mu kuskura mu ja da ƙarfi. Da na ɗaga kai sai na ga leɓunan matar yayana sun yi fari fat, tana ce mini ɗakin ya yi duhu. Innalillahi! Nan na fashe da kuka, na ce musu ban iya ba, ban taɓa karɓar haihuwa ni kaɗai ba, don Allah a nemo mota.

Motar doya muka tare a bakin titi. Har Gwagwalada ina danne mata mara ina kiran sunanta, wani sa'in ta amsa, wani sa'in shiru. Likitoci sun ceto ranta, amma sai da aka cire mahaifar gaba ɗaya.

Yanzu na gama, ina aiki, kuma na gane babu abin da ya fi wuyar faɗa a gaban naka kamar ban iya ba. Ɗalibai 'yan uwana, kada kirarin gida ya ja ku. Wadda aka ce ta haihu a asibiti, ku kai ta tun tana tafiya da ƙafarta. Yarinyar nan sunana aka sa mata, wai ni na ceci uwarta. Kwanan baya ta hau cinyata tana tambayata, tunda ni nake kawo jarirai, yaushe zan kawo mata ƙane. Uwarta na jin haka ta tashi ta shiga ɗaki.