Sa Ɗaya, Janti Huɗu

Ranar wata Juma'a ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, na taso daga tabki da shanunmu biyu bayan na shayar da su, ƙafafuna duk laka, sai na hango ƙofar gidanmu cike da mutane. Taron ƙarshe da na gani a wurin na rasuwar mahaifina ne. Na ja igiya muka ƙara sauri. Da na kutsa sai na tarar mota ce aka kewaye, 'yar ƙarama, ja, mai ƙofa biyu, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. A kan hancinta Baba Hamisu ke zaune, ƙanen mahaifina, da baƙin tabarau, yana juya makulli a yatsa. Shekara uku rabonmu da shi, yana Kwatano yana sana'ar da ba wanda ya san kanta. Jana'izar yayansa ba ta kawo shi Madarumfa ba, amma nuna mota ya kawo shi. Bai shiga ya yi wa Inna gaisuwa ba sai da ya gama nuna wa jama'a yadda gilashin ke sauka da kansa, sau wajen goma.

Shanun nan, Jatau da Duna, su ne ƙarfin gidanmu. Mahaifina ya saye su tun suna 'yan maruƙa da kuɗin gyaɗar gandu, wato gonar da shi da Baba Hamisu suka gada ba su raba ba, ya kuma hore su da hannunsa. Jatau a dama, Duna a hagu, haka suka saba shiga karkiya, kuma ko da wasa aka juya musu gefe sai su tsaya cik. Da damina su yi huɗa, maƙwabcinmu na riƙe da garma ni ina jan igiya a gaba, mu gama tamu mu yi masa tasa. Da rani su ja amalanke, mu kai taki gona, mu ɗauko wa masu lambu albasa daga bakin tabki, da abin da ake ba mu Inna ke cefane. Kiwonsu nawa ne. Kafin in tafi lakwal sai na zuba musu harawa, na share turke, na duba kunnuwansu da hammatarsu na cire kaska. Da la'asar sakaliya kuwa in dama dusa da kanwa a tsohon kwano, in yi musu fito, ko suna ina sai sun zo. Jatau na kowa ne, duk wanda ya riƙe igiyarsa zai bi. Duna kuwa baƙi ne wuluk mai taurin kai, ya taɓa watsar da wani ƙato da ya zo aron amalanke, amma ni in na ɗora hannu a tozonsa sai ya sunkuyar da kai ya lashi gwiwata.

Mu ma yara muna da motocinmu. A filin lakwal, in mushe, malaminmu, ya sallame mu shan iska, kowa ya fito da motarsa ta waya mai dogon sitiyari, mu ja layi a ƙasa mu yi tsere har gindin bishiyar bedi. Jikin mota ba wuya, kowa na iya lanƙwasa waya. Gwaninta a ƙafa take. Sabon shiga ne ke sa marfin kwalba, don yana sheƙi, kuma da ya shiga yashi sai motar ta kafe yana turawa tana huɗa. Mu da muka ƙware tsohon silifa muke nema a juji, mu yanka shi zagaye da reza, mu haɗa biyu biyu don ya yi kauri. Ba wanda ya karantar da mu wannan, yashin garinmu ne ya koya mana, kuma yaro ɗan shekara bakwai ya san shi.

Baba Hamisu bai san shi ba. Mako ɗaya da zuwansa, da ya ga idon mutane ya fara sabawa da motar, sai ya tsiro da cewa ƙafafunta sun yi ƙanana. Wai tayar da ta zo da ita ta masu taksi ce, irin wannan mota a bakin teku babban janti ake sa mata, wato ƙarfen da taya ke hawa, fari mai walƙiya, a naɗa masa siririyar roba. Nata lamba sha huɗu ne, shi sha bakwai yake so. Ya yi ta faɗin lambar nan a majalisa har tsofaffin da ba su taɓa riƙe sitiyari ba suka haddace ta. Akwai Malam Idi mai faci a bakin kwalta, inda muke zuwa roƙon tsohon tib ɗin taya na yin danƙon harbi, kuma ina wurin ranar da Baba Hamisu ya je ya gaya masa shawarar da ya riga ya yanke. Malam Idi ya durƙusa ya sa hannu tsakanin taya da jikin mota ya auna.

"Hamisu, gurin ƙahwar mota ba ya ƙaruwa," in ji shi. "In ka ƙara ƙarhe, roba ka rage. Mu nan roba muke so, ita ke shanye rami. In mun shiga rairai iska muke ragewa, taya ta baje ta hau bisa. Wagga da kake hwaɗi, mi za ka rage mata?"

Baba Hamisu ya gyara tabarau ya ce, "Kai dai amalanke ka sani, Idi. Wagga ba motar ɗaukar buhu ba ce."

Malam Idi ya ƙara masa da cewa ko a Maraɗi da wuya ya samu irin wannan taya in ɗaya ta fashe, sai Baba Hamisu ya ce ai mai irin motarsa ba a Maraɗi yake sayayya ba. Haka aka rabu. Matsalar ɗaya ce, aljihunsa ya riga ya ƙare a hanya, ko man da yake yawo da shi na kwalba ne yake saye kaɗan kaɗan a hannun masu kawowa daga garin Ɗan Issa.

Ni na fara gane inda ya nufa, tun kafin Inna. Mutumin da bai taɓa kallon turke ba sai ga shi da safe yana tsaye a kaina ina zuba harawa, yana yaba ƙibar Duna, yana tambayar shekarunsa. Kwana biyu bayan haka ya zauna a tsakar gida ya ce da Inna shanun na gandu ne, rabi nasa ne, kuma rabin biyu ɗaya ne. Wannan lissafin wanda bai taɓa riƙe garma ba ne. Inna ta bi shi da lallashi, ta ce shanun huɗa ba a raba su, in ka cire ɗaya ka kashe biyun, ta ce ya bari a yi damina ɗaya kawai, in an cire amfani ta ba shi rabonsa a gero. Ya ce zamanin shanu ya wuce, baɗi tarakta zai kawo. Ta kai kuka wurin dattawan dangi. Su kuwa ya riga ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya zagaya da su gari a kujerar gaba, kowa ya sauko yana murmushi yana gyara hula. Suka ce gaskiya yana da haƙƙi, mace ta yi haƙuri. Har yau in na tuna tsofaffin nan da gemunsu, da arhar da aka saye su, raina ɓaci yake.

Ana gobe za a zo ɗaukar Duna na yi abin da wayona ya ba ni. Na rataya jakar lakwal kamar kullum, na kwance su biyun, na zagaya da su can bayan tabki inda ciyawa ke da tsawo har ta rufe mutum. Na yini a nan ba ci, ina korar ƙuda daga idon Duna, ina gaya masa ba inda za mu. Ban ɗaure su ba, don ban taɓa buƙatar ɗaure su ba. Rana na yin sanyi, daidai lokacin dusa, Jatau ya ɗaga kai ya kama hanyar gida, Duna ya shiga hagunsa. Na sha gabansu, na rataye a igiya, na yi kuka, suka ja ni kamar tsumma har ƙofar gida. Ni na koya musu wannan lokacin, kuma ba su taɓa saɓa shi ba.

Da safe dillalin shanu ya zo da babbar mota, aka jingina katako a bayanta. Ƙarti huɗu suka kama Duna, biyu na ja biyu na murɗa wutsiya, ya kafe ƙafafu ya ƙi ko motsi. Suka yi ta fama har rana ta ɗaga, dillali ya fara cewa zai tafi abinsa. A raina na ce Allah ya sa. Sai Baba Hamisu ya waiwayo ya gan ni a bakin zaure.

"Lawali, zo ka hau da shi. Kai yake ji."

Na kalli Inna, ta kawar da kai. Ɗaya daga cikin ƙartin ya ɗauko ƙatuwar sanda ya ce in yaron ba zai zo ba shi ya san yadda zai yi. Ban iya tsayawa in ga an dake shi ba. Na karɓi igiyar, na ɗora hannu a tozonsa, na taka katakon, ya biyo ni a hankali har ciki. Na ɗaure shi da kaina, na diro, aka rufe.

Bayan kwana biyar jantin suka iso daga Katsina, kowanne a cikin kwalinsa. Ba zan yi ƙarya ba, sun yi kyau, har mata suna leƙa fuskarsu a ciki. Tayar kuwa ba ta fi kaurin tafin hannu ba. Malam Idi ya ƙi ɗaura su, sai wani yaron gareji aka ɗauko. Da aka gama Baba Hamisu ya sa farar shadda ya shiga, ya kunna kiɗa, ya nufi cikin gari. Bai wuce bayan lakwal ɗinmu ba, inda tsofaffin tayoyin ke ratsawa kullum ba gardama, motar ta nutse har ciki. Ya taka wuta, ƙafafun suka yi ta juyawa suna tona wa kansu rami. Mushe ya fito da ajinmu duka aka tura, ni na ce cikina ke ciwo na zauna a inuwa ina kallo. Daga ranar ya zama sai ya ajiye ta a bakin kwalta ya tako gida da ƙafa, shadda na sharar ƙasa. Ba a yi wata ba ya faɗa rami a hanyar Ɗan Issa, janti ɗaya ya tsage, tayar ta yage. Ya nema a Maraɗi bai samu ba, tsofaffin ƙafafun kuma ya riga ya ba yaron gareji a ladan aiki. Aka jawo motar da jakuna aka ɗora ta a kan duwatsu a bayan gidanmu, kaji suka samu wurin ƙwai. Ya ba lakwal fasasshen jantin wai a rataya a riƙa bugawa a madadin ƙararrawa, aka buga sau ɗaya ya yi wani ƙwas kamar an bugi ƙwarya, mushe ya sa aka sauke. Daga ƙarshe masu zubin tukunya suka saye su duka huɗun suka narke.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, lokacin huɗa ya zo. Muka aro sa daga garin Sarkin Yamma wurin dangin Inna muka haɗa shi da Jatau. Taku bai zo ɗaya ba, wannan ya ja wancan ya tsaya, kunyar huɗa ta fito a karkace, karkiya ta goge wa Jatau wuya har ya yi gyambo. Kwana uku muka mayar da san mutane. Muka koma hauya ni da Inna da ƙannena, rabin gonar ciyawa ta cinye. Jatau ya rage cin abinci, in na kai shi tabki sai ya riƙa tafiya yana barin wuri a hagunsa. Kafin wata damina Inna ta sayar da shi muka ci. Baba Hamisu bai ga wannan ba, tun ruwa na biyu ya koma Kwatano neman tarakta.

Yanzu taya nake sayarwa a Maraɗi. Samari na zuwa da ƙananan motoci, su nuna mini hoto a waya su ce irin wannan ƙafar suke so. Ina gaya musu abin da Malam Idi ya faɗa, sau ɗaya, in sun ƙi in kawo musu. Baba Hamisu ya tsufa, yana gidanmu na Madarumfa, ni ke aika masa da hatsi. In aka zauna yana ba jikoki labarin jar motarsa, kuma har gobe cewa yake hanyoyin ƙasar nan ne ba su dace da ita ba. Ba na tanka masa, na daɗe da gane ba shi da wurin da magana za ta shiga. In na je gida nakan tsaya a bakin tabki da la'asar, yara na wucewa a kan babura da jarkoki, da wuya ka ga wanda ke tafe da shanu biyu yana kiran kowanne da sunansa. Na sha gaya wa kaina yaro ne ni, ba yadda zan yi, kuma gaskiya ne. Amma ƙarti huɗu sun kasa hawar da Duna motar dillalin nan. Ni ya yarda da ni.