Sawu a Daɓen Rabin Aji

Na daɗe ina koyar da rabin aji a makarantar ƙauyenmu, can tsakanin Anka da Bukkuyum, kuma ban taɓa ba da kaina a gaban jama'a kamar ranar taron tallafin ƙaramar hukuma ba. Har yau akwai masu cewa aljanuna ne suka tashi a ranar. Ban taɓa gyara musu zance ba.

Rabin aji shi ne ajin 'yan shekara uku zuwa biyar, waɗanda ake kawo mana don iyaye mata su samu su yi surfe, na ruga kuma su tafi tallan nono. Rabin aikin share majina ne, saura kuma raba faɗa a kan takalmi. Abin da ya rage a cikinsa ake koyon a, ba, ca. A ƙarƙashin wani durumi muka fara, kafin mutanen gari su yi gayya su gina mana ɗakin ƙasa, su rufe shi da tsohon kwano.

A lokacin ɗiyata ta fari ta cika shekara uku. A gidanmu da gidan mijina duk kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun da aka yaye ta, Inna, wato uwar mijina, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta. Gida ɗaya muke, amma ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, in ta faɗi sai in dubi wani wuri har wani ya ɗaga ta. Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Haka na taso na gani, kuma in faɗi gaskiya har alfahari nake da yadda na iya. Mata na yabona, ni kuma kaina na kumbura.

Wata safiya Inna ta riƙo hannunta har bakin durumi, ta ce, “Malama, ga ɗaliba na kawo miki. In tay yi ƙiwa ki bugi abinki.”

A nan na gano wata dabara. Uwa ba ta taɓa ɗiyar fari, amma malama tana taɓa kowane yaro. Sai in share hancin yara goma don in kai ga nata. In lokacin cin abinci ya yi, nakan jera su a wanke hannu, in sa ta a ƙarshen layi. Kowa in wanke masa sharp-sharp in sallame shi, ita kuwa sai in bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ina faɗan ƙarya wai ta cika ƙazanta. Ita ma Malama take ce mini kamar sauran, har a gida. Inna take kira Inna.

Da aka gama ginin ɗakin, matan gari suka taru yin daɓe. Aka zuba ƙasa da tsakuwa, aka yayyafa ruwa, mata wajen ashirin suka durƙusa da madaɓai suna bugu suna waƙa. Ina tsaye a can ciki wajen bangon gabas ina yayyafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa mai sa daɓe ƙarfi, sai ga yarinyar ta kuɓuce wa Inna. Ta shigo da gudu ta kan ɗanyen daɓen, hannuwa a sama, tana kiran, “Malama! Malama!” Mata suka yi ca a kanta. Ni ta nufo, saura taku biyu ta iso. A gaban matan nan duka, sai na kau da kai na ci gaba da yayyafa makubata. Inna ta sure ta ta fita da ita, yarinyar tana kuka.

Washegari na zo duba daɓen. An buge duk inda ta taka ya koma sumul, sai wuri ɗaya a kusurwa. Sawun ƙafarta ta dama ne, yatsu biyar cif, diddigen bai ma sauka sosai ba don gudu take. Na ɗauka mantuwa aka yi. Na jawo akwatin katako da nake ajiye alli da littattafai, mai gajerun ƙafafu, na ɗora a kai, ban gaya wa kowa ba.

A shekarar ne duwatsun zinariya suka cika gari. Maza na haƙowa, ana niƙa a inji, ana daka a turamen da muke daka hatsi, garin dutsen na sauka a tsakar gida inda yara ke wasa. Ba mu san da gubar dalma a ciki ba. Yara suka fara amai da jijjiga. Ciwon ɗiyata ya zo da sauri. Babanta ya ɗauko babur, Inna ta hau baya da ita a ƙirji, suka nufi Anka. Ni aka bar ni a gida, kuma ban buɗe baki na ce a tafi da ni ba. Ba su kai ba suka juyo.

Masu gaisuwa ɗakin Inna suka riƙa shiga. Ni ina madafa ina dama musu kunu, wasu har suna cewa kai, yarinyar nan akwai dauriya.

Daga baya masu kwashe ƙasa suka zo da na'urarsu. Suka kankare tsakar gidaje da filin makaranta, suka zuba sabuwar ƙasa. Da suka auna cikin ajinmu suka ce shi ma da gubar a ciki, amma tun da daɓen da ƙarfinsa, a shimfiɗa tabarmi kafin a samu halin haƙe shi a yi siminti. Halin bai samu ba, ni kuma ban tuna wa kowa ba. Kullum da safe kafin yara su zo nakan janye akwatin in duba, in mayar. Na haifi wasu bayanta, na goya su na yi musu rawa, amma wannan 'yar dubawar ta safe ita ce abin da ya rage mini na waccan.

Shekaru suka tafi, ɗakin ya tsufa. Kwano ya zama rariya, in ana ruwa sai mu tattaru a gefe ɗaya kamar kaji. Ni na riƙa hawa kabu-kabu zuwa sakatariya ina damun jami'in ilimi, har ya kai in ya hango mayafina sai ya fara dariya. Kwano nake roƙo. Ranar da takarda ta iso cewa an ware tallafin gyaran azuzuwan ƙananan yara kuma namu na ciki, har guɗa na yi. Sai dai tallafin aiki ɗaya zai iya yi, kuma kwamitin iyaye ne zai zaɓa.

Aka taru a gindin durumin. Wata ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa mana daga Anka ta tashi ta ce ta shiga ajin ta gani. Daɓen ya fara farfashewa, tabarmin sun mutu, yara na murza hannu a ƙasa suna kai wa baki. A haƙe shi duka a kai ramin da ake binne irin wannan ƙasa, a zuba siminti. Kwano ya jira.

Kowa ya ce haka ne, ni kaɗai na ce ba haka ba. Na ce siminti sanyi gare shi, zai sa wa yara mura. Na ce in yaro ya faɗi a kai kansa zai fashe. Na ce ina aka taɓa gyara ƙasa sama na zuba? Baki dai Allah ya ba ni, na yi ta zuba, ina ji da kunnena ƙarya nake.

Shugaban kwamitin dattijo ne mai sanyin magana, shi ma ya binne 'ya'ya biyu a waccan shekarar. Ya bari na gama, sannan ya ce, “Malama, ke kin hi kowa sanin abin da ƙasag ga tay yi muna. Mi ya same ki?”

Na ce, “In kun taɓa daɓen nan, ku nemi wata malama.” Na yafa mayafi na bar su a zaune.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Inna na zaune a inuwar rumbu tana tsince wake, ta tsufa sosai a lokacin, ido ya yi rauni. Na zo zan wuce sumi-sumi, ta ce, “Ke, taho nan.” Na durƙusa. Ba ta ɗago ba ta ce, “Sawun nan na, ko?”

Na sunkuyar da kai, ita kuwa ta ci gaba.

“Kina tsammanin mata ashirin da madaɓai su manta da sawu guda? Ni nak koma nat tsaya bisa wurin, nac ce kowa ta kewaye. Na ga kin kau da kai. Amma na ga hannunki cikin zane, sai da ya motsa.” Ta zubar da tsakuwar da ta tsinta. “Don ke nab bar shi. To ya yi miki aikinai. Yanzu ɗiyan mutane na rarrahe bisa dahi, ke ko kina gadi. Ki bari a haƙe.”

Na ce, “Inna, ko a yanko mani wurin in aje?”

“Ki aje ina? Cikin ɗakin da jikokina ka kwana?”

Kuka na yi a gabanta, wanda ban yi ba ranar da babur ya juyo. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma lallashe ni ba, ta ci gaba da tsintar wakenta. Da la'asar na je na ba dattijon nan haƙuri. Bai tambaye ni dalili ba.

Ranar da za a fara aiki kowa ya zo kallo: 'yan kwamiti, jami'in ilimi, ma'aikaciyar lafiya, da matan da suka yi daɓen tun farko, waɗanda ke raye. Inna ma ta dogaro sandarta. Leburori suka ɗaure hanci suka shiga fitar da kaya. Biyu suka ɗaga akwatin, sai magini, baƙo ne daga Gummi, ya sunkuya yana dariya.

“Kai, ku ga sawun wani ɗan mitsitsi! Wanga ko na wa na?”

Na duba fuskokin tsofaffin matan nan, na gane duk sun sani, tun ranar suka sani.

Na ce, “Na ɗiyata na.” Sannan na faɗi sunanta da ƙarfi, a gaban maza da mata da surukata. Ban taɓa jin sa a bakina ba sai ranar, har ya yi mini baƙo. Na shiga na durƙusa na ɗora tafin hannuna a kai, ya rufe shi duka har da saura. Magini ya cire hularsa ya riƙe. Da na tashi na ce masa ya fara daga nan, kada in tsaya ina jira.

A waje ma'aikaciyar lafiya ta miƙo buta da sabulu, ta ce dole in wanke hannun. Inna ta karɓe butar. Ta kama hannuna, ta bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya, tana mita wai babba da ni ina wasa da ƙasa.

Simintin ya yi kyau, ba zan ƙi faɗa ba. Ba wanda ya yi mura, ba kan da ya fashe. Kwano har yau yana zuba, kuma na koma damun jami'in ilimi. Inna ta rasu damina biyu bayan nan. Akwatin yana kusurwarsa, kuma da safe kafin yara su zo har yanzu nakan janye shi, alhali na san babu komai sai siminti. Yanzu dai nakan kira ɗiyata da sunanta. Kewarta nake, ba kuma kewar sawun ba. Taku biyu ne suka rage mata ranar nan, ni kuma makuba ce kawai a hannuna, da ma na ajiye ta.