Masassarar Yayana

Yayana ya girme ni da shekaru kaɗan, kuma tun da na yi wayo na san shi da ciwon nan. Ba kullum yake kama shi ba. Sai ya yi wata guda ko fiye garau, yana hawan dabino a garkar mahaifinmu da ke cikin kwari bayan Gure, yana kokawa da sa'o'insa a kan rairayi. Rana ɗaya kuma sai a tashi a tarar jikinsa ya yi zafi, ya naɗe a kan tabarma yana riƙe da ciki, gwiwoyinsa sun kumbura. Wani lokaci fatar ƙafarsa ta yi ja kamar an zuba mata ruwan zafi. Bayan 'yan kwanaki abin ya sake shi, ya miƙe ya nemi fura.

A gidan likita kullum magana ɗaya ce: palu, wato masassarar cizon sauro. A ba shi kinin, a yi masa allura, mu dawo gida. Ciwon yakan tafi, sai kowa ya ce magani ya yi aiki. Innarmu ce kawai ba ta yarda ba.

"Wane irin sauro ne wannan," in ji ta, "da yake cizon mutum ɗaya a gida, har a tsakiyar rani?"

An gwada shi ko emasi ce, wato sikila, aka ce ba ita ba ce. An sha rubutu, an yi turare. Wata ƙanwar mahaifinmu ta zo daga Bune ta ce ta san abin, wai kakanmu ma haka ya yi fama har ya rasu, kuma a danginmu ba a cika ambatonsa ba. Da Barbarci ta faɗa, murya ƙasa-ƙasa, amma na ji.

Shi ya bar lakwal, wato makarantar boko, da wuri saboda yawan fashi, ni na ci gaba. Ranar da zan tafi Yamai karatun likita shi ya ɗaukar mini jaka har tasha. Ya ce cikin raha, "To lokotoro, in ka gama ka fara da ni." Na ce masa in sha Allahu.

Ina shekarar ƙarshe ta karatu ƙafafunsa suka fara kumbura. Da na zo hutu na tarar fuskarsa ta cika, fitsarinsa yana kumfa. Na gane ƙoda ce, amma ban san abin da ya ci ta ba, malamaina ma da na tambaya ba su sani ba. Muka kai shi Damagaram, aka yi abin da za a iya. Ya rasu da damina, ya bar mata da 'ya mace da ba ta fara tafiya ba.

Bayan 'yan shekaru na samu tafiya ƙasar waje ƙarin karatu. A can wata tsohuwar farfesa ta kawo mana wani mara lafiya, mutumin wata ƙasa ta bakin teku, ta ce ya ba mu labarinsa da bakinsa. Ya ce tun yana yaro masassara take zuwa masa ta tafi, da ciwon ciki, da kumburin gwiwa, da jan fata a ƙafa. Ina zaune a bayan aji ina saurare. Farfesar ta yi bayani cewa akwai cututtukan da garkuwar jiki take tashi da faɗa alhali babu wata ƙwayar cuta da ta shigo. Gado ne, kuma in aka bar kumburin yana maimaituwa shekara da shekaru, wani abu yakan taru a ƙoda har ya kashe ta. Ta ɗaga wata 'yar ƙwayar magani ta ce ga abin da yake tsare da yawansu, tsohon magani ne, ba ma mai wuyar samu ba.

Da aka tashi na same ta a ofis na ba ta labarin yayana. Ta saurara har na gama, ta ce, "Akwai jininsa a ajiye a wani wuri?"

Na ce babu.

"To ba za mu taɓa tabbatarwa ba," in ji ta. "Amma in kana son aikin, akwai wuri a ɗakin gwajina."

Haka na shiga bincike, kuma a ciki na yi furfura. Mutanen gida suna zaton mai bincike kullum gano abu yake yi. Yawancin kwanakina na yi su ne ina kiwon ƙwayoyin jini a cikin 'yan kwanoni, ina tsokanarsu in ga yadda za su yi, in sake, in sake, abin ya ƙi fitowa. Akwai hasashen da na bi shekaru kafin na yarda ba nan hanyar take ba. Abin da na ƙara wa ilimin kaɗan ne, ko da yake ina jin na gaskiya ne. Abin da ya fi damuna shi ne kusan duk abin da aka sani game da waɗannan cututtuka daga jinin mutanen wasu nahiyoyi aka san shi. Namu mutanen ba a duba su ba, sai aka ɗauka ba sa yi. A wurin da kowace masassara palu ce, wa zai tsaya ya tambayi wadda take dawowa?

Kwana biyu a mako ina ganin marasa lafiya. Duk saurayin da ya shigo yana ɗingishi, ya zauna a hankali yana tallafe da ciki, sai in ga yayana kafin in ga shi.

'Yar da ya bari ta girma ta zama malamar lakwal a Gidigir. Wata shekara na zo gida bayan girbi, ta zo gaishe ni, na lura tana jan ƙafa.

"Me ya samu ƙafar?"

"Ba komai, Baba. Palu ce ta kwantar da ni, ta sake ni jiya."

"An gwada jinin?"

"An gwada, ba a ga komai ba. Amma sun ce in sha maganin."

"Tun yaushe take yi miki haka?"

Ta dubi Inna, wadda take zaune a bakin ƙofa tana ɓare gujiya. Inna ba ta ɗago kai ba ta ce, "Tun tana 'yar ƙarama. Na hana a gaya maka. Na ce in abin ne, sanin ba zai ƙara maka komai ba sai baƙin ciki."

Na yi wa yarinyar bayani da Hausa, na sake yi wa Inna da Barbarci. Ta yarda na ɗebi jininta na tafi da shi. Watanni suka wuce kafin sakamako ya fito. An ga wani ɗan canji a ɗaya daga ƙwayoyin gadon da muke zargi, amma irin da ba a taɓa bayyana ba, babu mai iya cewa shi ne sanadi ko kuwa abu ne da yake yawo a jinin mutanenmu ba tare da cutarwa ba. Duk da haka alamunta sun isa a gwada magani. Na haɗa ta da wani likita a Damagaram mai duba fitsarinta lokaci-lokaci, muka fara ba ta ƙwayar.

Masassarar ba ta ɗauke gaba ɗaya ba, amma ta yi nisa tsakani, in ta zo ma ba ta kwantar da ita. Ƙodarta lafiya lau har yau.

Da na dawo shekara ta gaba, Inna ta kira ni inuwar itacen bedi da hantsi. Ta sa aka kawo mata kwalin maganin, ta juya shi a hannu.

"Wannan ɗan abin," ta ce. "Lokacin yayanka akwai shi a duniya?"

Na ce akwai.

"Da ya sha, da yana nan?"

Na so in ce mata kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma ba abin da ta tambaya ke nan ba. Na ce, "Inna, ban sani ba. Mai yiwuwa."

Ta miƙo mini kwalin ta ce a mayar wa mai shi kada ya ɓata. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu.

Bara 'yar yayana ta haihu, namiji. Na zo suna. Bayan an watse ta miƙo mini jaririn, ta tsaya tana kallona maimakon ta kalle shi.

"Baba, shi ma zai yi?"

Na ce ba lallai ba ne, kuma in ya yi, wannan karon za mu gane da wuri. Ta gyaɗa kai. Na riƙe shi ina yi masa addu'a, sai na lura tun ɗazu bayan hannuna yana kan goshinsa. Jikinsa babu zafi. Na bar hannun a wurin har uwarsa ta karɓe shi.