Ƙaramin Yatsan Baba Jarida

Matso kusa, ja kujerar can, amma ka jingina ta da bango don ƙafarta ɗaya ba ta da gaskiya. Shayi bai tafasa ba tukuna. Kafin ya yi, bari ka ji labarin wani mutum da hannayensa.

Baba Jarida ake ce masa, alhali bai taɓa sayar da jarida ba, karanta ta ma sai in ya ga hoton 'yan ƙwallo. Daga ƙirjinsa sunan ya fito. Duk shekara in sanyi ya sauka, kafin ya hau babur sai ya ninke tsofaffin jaridu uku ya cusa tsakanin singileti da rigar sanyi, wai iska tana ratsa ulu amma ba ta ratsa takarda. In ya sunkuya sai ka ji ƙaras-ƙaras kamar an taka busasshen ganye. Abokan aiki suka liƙa masa sunan, ya bi shi har gida, har matarsa in ta so tsokana da shi take kiransa.

Aikinsa ɗaukar jini. Kada ka zaro ido, ba irin wancan ba. Akwai wani babban ɗakin gwaji a tsakiyar gari, akwai kuma ƙananan asibitoci bakwai a bayan gari da ba su da injin gwaji. Jinin da aka ɗiba wa marasa lafiya, a 'yan kwalabe masu jan murfi da shuɗin murfi, shi ne yake bi ya tattaro cikin akwatin sanyi da ke ɗaure a bayan babur, ya kai kafin ƙarfe takwas. In ya makara jinin ya lalace, sai a sake huda mutum, wataƙila jariri ne, wataƙila tsohuwa ce da jijiyarta ta ɓuya. Shekara goma sha tara yana wannan zagaye. Ranar da aka haifi autarsa ma sai da ya kai akwati sannan ya wuce ganin mai jego.

Da zafi aikin ba laifi. Da sanyi ne ake gane waye waye. Wanda bai taɓa hawa babur da sassafe cikin muku-mukun sanyi ba, yana zaton sanyi a jiki yake tsayawa. Ina. Ta hannu yake shiga. Da fari yatsu su yi zugi kamar an datse su da ƙofa, can sai zugin ya ɗauke, to a nan ne matsalar take, don za ka ga hannunka a kan birki amma ba ka ji shi ba. Ƙafa yana da dabararta, ledar burodi a kan safa sannan takalmi. Hannu ne ya gagara. Safar hannu yana da ita, amma da ita ba ya iya buɗe maɓallin akwati, ba ya iya riƙe biro ya sa hannu a rajista, ba ya iya ƙirga kwalabe. Cire, sa, cire, sa, sau bakwai, kafin asibiti na uku ta jiƙe da raɓa ta zama ita ce ma abokiyar gaba.

Sai ya koyi abin da duk tsohon mai babur ya sani. In ya tsaya, kafin ya taɓa akwati, sai ya tsuguna ya ɗora tafukansa a jikin inji, ya ƙirga goma, ya ɗauke. Yatsu su farfaɗo, ya yi aikinsa, ya wuce. Sau bakwai a rana, wata uku a shekara, shekara goma sha tara. Kai ma ka san abin da ƙarfe mai zafi zai yi wa fata. Kan yatsunsa suka yi sumul kamar bayan cokali, ba layi ba zane. Ƙaramin yatsansa na hagu ne kaɗai ya tsira, don tun yana yaro ya karye ya warke a karkace, ba ya kwanciya tare da 'yan'uwansa.

A gida abin ya zama wasa. In tukunya ta tafaso matarsa ba ta neman tsumma.

"Baban yara, zo ka sauke min da wannan hannun naka na aro."

"Hannun aron ne ya biya sadakinki."

"Shi ya sa bai yi yawa ba."

Amma ita ce take ɓalla masa maɓallan riga da safe, don ba ya jin su, ita ce kuma take murza masa man shafawa da yamma tana ƙunƙuni. Ta sha ce masa ya nemi a mayar da shi cikin ofis. Ya ce cikin ofis me zai yi, ya tsare bango kada ya gudu?

A da, shaidar zuwa aiki littafi ne. Wani dogon littafi mai baƙin bango a kan teburin Maigadi, tsoho ne mai gashin baki da suka fara aiki tare a shekara ɗaya. In Baba Jarida ya shigo hannu a sandare, Maigadi ya duba agogo ya rubuta masa da kansa, yana cewa, "Ga labarai sun iso, me duniya take ciki?" Shi kuma ya daki ƙirji ya ce, "Duk na bara ne."

Sai kamfanin ya canza hannu. Aka kawo sabon Manaja, yaro ne mai ladabi, sa'an ɗan farin Baba Jarida, ba ya wuce tsoho bai gaishe shi ba. Tare da shi aka kawo wata 'yar na'ura aka kafe a bangon baranda. Ka ɗora yatsa, in ta gane ka ta yi kore, in ba ta gane ka ba ta yi ja. Abin da ta rubuta kai tsaye yake tafiya hedikwata, wani gari can da babu wanda ya san fuskar kowa. Wanda bai dangwala kafin takwas ba, bai zo ba. Fashi biyar takardar gargaɗi. Fashi goma sallama.

Ranar da aka yi rajistar yatsu da zafi ne. Aka gwada babban yatsansa, na'ura ta ce ba ta ga komai ba. Aka gwada manuni, aka gwada na tsakiya, har tara. Ma'aikata suka taru suna dariya, Maigadi ya ce, "Dama na daɗe ina zargin aljani ne." A na goma, ɗan karkataccen nan, ta yi kore. Aka tafa. Shi ma ya yi dariya, ya ɗaga yatsan sama kamar wanda ya ci kofi.

Wata biyar lafiya lau. Sai sanyi ya sauka.

Ranar farko ya iso takwas saura kwata, ya dangwala, ja. Ya goge a wando, ja. Ya hura masa iska, ja. Ashe yatsan da ya sandare ya motse, na'ura ba ta karanta shi. Ga akwati a hannu, ga masu gwaji suna jira. Ya shiga ya miƙa kwalabe, aka ƙirga, ya sa hannu a rajistar ɗakin gwaji. Kafin ya fito yatsa ya yi ɗumi, ya dangwala, kore. Takwas da minti shida.

Ya samu Manaja a ofis, ɗaki mai labule da na'urar ɗumama ɗaki a ƙarƙashin tebur.

"Yallaɓai, abin nan naku ba ya sona da safe."

"Baba, kada ka damu, zan yi musu bayani. Ka dai riƙa fitowa da wuri kaɗan."

Da wuri kaɗan. Asibiti na bakwai ba ya buɗe ƙofa sai bakwai da kwata, daga can zuwa nan tafiyar rabin awa ce in hanya ta yi kyau. Ya faɗa masa haka. Manaja ya gyaɗa kai, ya rubuta a wata 'yar takarda mai ruwan ɗorawa ya liƙa a gefen kwamfuta, inda wasu guda takwas suke liƙe.

Ba irin dabarar da ba a yi ba. Maigadi ya riƙa ajiye masa kofin ruwan zafi a bakin ƙofa, wata rana ya yi aiki, wata rana yatsan ya jiƙe na'ura ta ƙi. Matarsa ta ɗinka wa yatsan 'yar riga daga tsohuwar hular jariri, Maigadi ya gani ya ce saura wando. Ya gwada tuƙi da hannun hagu a hammata, a kwanar gidan mai saura ƙiris ya shige ƙarƙashin motar yashi da jinin mutum arba'in a bayansa, daga ranar bai sake ba. Wasu ranakun kore, wasu ja. A sati na uku takardar gargaɗi ta zo, da sunansa an rubuta shi ba daidai ba. Ya ninke ta ya sa a aljihu, bai nuna a gida ba. Matarsa kuwa wajen wanki ta gani.

"Wai ba ka zuwa aiki? To ina kake zuwa da asubar fari, ko ka yi wani gidan ne ban sani ba?"

Ta so ya yi dariya. Bai yi ba. Abin da ke cinsa ba tsoron rasa abinci ba ne kawai. Shekara goma sha tara babu fashi ko ɗaya, shi ne abin da yake da shi, shi yake faɗa wa 'ya'yansa in suna nauyin tashi makaranta. Yanzu takarda ta ce shi mai fashi ne.

Ranar da ja ya kai tara, Manaja da kansa ya tare shi a baranda. "Baba, na rubuta musu sau biyu. Sun ce rajistar ɗakin gwaji ba ta cikin tsari. Don Allah gobe ka yi ƙoƙari."

Washegari sanyin ya fi na kullum. Ruwan da ke cikin bokiti a tsakar gida ya yi sanyi kamar ƙanƙara. Ya zagaya asibitoci bakwai, ya iso bakin ƙofa takwas saura minti bakwai. Hannun hagu kamar na wani. Maigadi ya taso da kofi, sai ya ga ruwan ya huce, ya juya da gudu zai sake ɗorawa. Baba Jarida ya duba agogo. Babu lokacin tafasa ruwa.

Sai ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya tsuguna gefen babur. Amma tafi ba shi ne ake nema ba, yatsa ɗaya ake nema, kuma so yake ya yi ɗumi da sauri. Sai ya zarce jikin inji, ya manna kan ɗan yatsan a wuyan salansa, bututun hayaƙin nan, inda ƙarfe ya fi zafi. Ya ƙirga goma bai ji komai ba. Ya ce to bai isa ba, ya ƙara goma. Ƙauri ne ya fara gaya masa, kafin zafi ya iso.

Garin gyaran gira an rasa ido. Kan yatsan ya yi fari fat, kafin ya kai baranda ya tashi ya ɗuri ruwa. Duk da haka ya ɗora shi a na'ura. Ya ɗora sau huɗu. Maigadi yana tsaye da kofi yana tururi, wannan ne karo na farko da aka ga bakinsa a rufe.

Ya shiga ya miƙa kwalabe, talatin da takwas, babu wadda ta lalace. Wata ma'aikaciyar gwaji ta naɗe masa yatsan da bandeji tana ta sannu Baba, sannu Baba.

Bayan kwana shida takarda ta zo. Manaja ya tashi tsaye da ya shigo, ya ba shi kujera, ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, wallahi na san kana zuwa. Kullum ina ganinka."

"To ka faɗa musu mana, ɗana."

"Na faɗa. Sun ce in aka buɗe wa mutum ɗaya ƙofa, kowa zai ce yatsansa ne."

"Su zo su duba hannun."

Manaja ya jawo fayil. Can ya ce an riga an ba wani kamfanin masu kai saƙo aikin zagayen, daga ranar Litinin. Ya turo masa takardu uku: na mayar da makulli, na mayar da akwati da hular kwano, da na amincewa cewa an sallame shi bisa ƙa'ida. A ƙasan ta ukun akwai wurin sa hannu, akwai kuma ɗan akwati da aka rubuta a dangwala.

Baba Jarida ya dubi ɗan akwatin, ya dubi yaron. "Da wanne?"

"Kowanne ma, Baba. Cika takarda ne kawai."

Aka buɗe tawada. Ya danna babban yatsansa na dama ya ɗora. Abin da ya fito wani baƙin dunƙule ne, ba layi ko ɗaya, kamar an ɗiga miya a riga. Manaja ya hura ta bushe, ya buga hatimi, ya sa a fayil. Hedikwata ta karɓa, ba ta dawo da ita ba.

A ƙafa ya fita, don babur ɗin na kamfani ne. Maigadi ya raka shi har bakin titi, suka tsaya suna kallon motoci har motar haya ta zo.

Ga shayinka, riƙe da kyau akwai zafi. Amma ka gaya min, kai da ka yi karatu: yatsan da bai isa ya shaida mutum ya zo ba, ta yaya ya isa ya shaida ya tafi?